Masu Zuwa Sallah Gida Su Ɗauki Nauyin Gidan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake ɗauka na cikin gida ne kawai, alhali kuwa ya shafi kusan kowace zuri'a a ƙasar Hausa, wato taruwar 'ya'ya da jikoki da sauran dangi a gidan iyaye lokacin Sallah da lokacin dogon hutun makaranta. Ni tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ina zaune a cikin birnin Kano, kuma Allah ya albarkace ni da 'ya'ya da jikoki, wasu a nan gari, wasu a Kaduna da Abuja da Legas. Abin da zan faɗa na gan shi a gidana, na gan shi a gidajen maƙwabta, kuma mun sha tattauna shi da 'yan uwana tsofaffi a wurin biki da suna da makarantar Islamiyya.

Babu tsohuwar da ba ta son gidanta ya cika. Tun ana saura kwana biyu ko uku Sallah kunnenta yake a ƙofa, ta sa an share ɗakuna, an shanya katifu, an fito da manyan tukwanen da ba a taɓa su sai irin wannan lokaci. Ranar jajibiri kuwa tsakar gida ba ta da masaka tsinke: mai kitso na gefe, 'yan mata sun miƙe ƙafa lalle na bushewa, ana aika yaro wurin tela a karo na barkatai, wata na tuyar cincin, wata na gyaran kayan miya. Da safe a shirya yara a bi ayarin masu tafiya Idi, washegari a kai su kallon Hawan Daushe idan an yi hawa a shekarar, su ga dawaki da 'yan lifidi da dogarai da idonsu. Hawan Sallah na Kano gaba ɗayansa, har da na Daushe, shi ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya, a watan Disamba na 2024, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, amma yaron da bai taɓa tsayawa a bakin hanya riƙe da hannun kakansa yana jin tambari da algaita ba, wannan karramawa ba ta ƙara masa komai ba. A irin waɗannan kwanaki ne yaro yake sanin wane ne baffansa, wane ne kawunsa, wace ce gwaggonsa, kuma ta ina suka haɗu.

To, wannan taruwa tana ja da baya, kuma kowa ya san dalilan da ake bayarwa. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya zarce 1,000. Magidancin da zai ɗauko iyalinsa daga Abuja zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 400, dole ya yi lissafi kafin ya tayar da mota. Ga aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara tun 2018, wanda matafiya suka sha wahalarsa shekara da shekaru, ga kuma fargabar masu garkuwa da mutane, wadda harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya ƙara dasa ta a zukata. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na zargin ɗan da ya kasa zuwa saboda su. Sai dai akwai wani dalili da ba a faɗa, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A gidaje da yawa tsofaffin ne da kansu suka fara jin nauyin wannan taruwa ya fi ƙarfinsu, suna sonta suna kuma tsoronta, domin 'ya'yansu suna zuwa ne a matsayin baƙi da za a yi wa hidima.

Ya Edita, a dubi halin mai masaukin. Galibi dattijo ne ɗan fansho, ko manomi da ƙarfinsa ya ƙare, ko gwauruwar da mijinta ya rasu take zaune da abin da 'ya'ya suka aiko. Gidan da ake dafa mudu ɗaya a rana sai a wayi gari ana dafa huɗu ko biyar, safe da rana da dare, har tsawon mako. An sanya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, a cikin shekarar kuma buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce wannan kuɗi, ballantana abin da ɗan fansho yake karɓa. Bayan shinkafa akwai mai, akwai kayan miya, akwai gas ko gawayi, akwai burodi da kayan shayin yara, akwai sabulu da omo. Ruwa kaɗai abin magana ne a unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa, domin gidan da kurar 'yan garuwa ɗaya take isarsa kwana biyu sai ya koma sayen biyu ko uku a yini. Da dare kuma idan babu wuta, jikokin da ba su saba da zafi ba suna kuka, dole a tayar da janareto.

Na san wata maƙwabciyata, Allah ya ƙara mata lafiya, wadda takan ɗauki adashinta musamman a watan da Sallah za ta faɗo, domin kada 'ya'yanta su zo su ga gazawarta. Bayan sun tafi takan yi wata biyu tana biyan mai shagon unguwa bashin taliya da mai da madara. 'Ya'yan nata ba marasa tausayi ba ne, kuma ba matalauta ba ne. Sukan zo da tsaraba, turmin atamfa da turare da katan ɗin lemo, babban cikinsu kuma yakan durƙusa ya ce, "Hajiya, akwai abin da ake bukata?" Ita kuma ta ce, "Babu komai, Allah ya yi muku albarka." Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya tafi da zuciya ɗaya yana ganin ya sauke nauyi, ita kuma ta ciki na ciki. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san uwa ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta, musamman ɗan fari, shinkafa ta ƙare ba, kuma uba ya gwammace ya sayar da abin hannunsa da ya nuna wa surukarsa cewa cefane ya gagare shi. Wannan kunya tarbiyya ce, ba na fatan ta gushe. Abin da nake nema shi ne 'ya'ya su san da ita, su daina tambaya. Mai niyyar zuwa Sallah da mata da 'ya'ya biyar ya san abin da bakin mutum bakwai yake ci a mako. Ya aiko da shi tun kafin ya iso, kayan abinci ko kuɗi, ta hannun ƙaninsa da ke gida idan yana jin nauyin miƙa wa mahaifiyarsa kai tsaye. Idan 'yan uwan suna da yawa, su yi magana a tsakaninsu tun watan Sha'aban ko farkon Zulƙida, kowa ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa, mai buhu ya kawo buhu, mai galan ɗin mai ya kawo galan, wanda ba shi da shi kuma a rufa masa asiri kada a sa shi a gaba.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance liyafar baƙo da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Idan an yi wa baƙon da ba shi da alhakin ciyar da kai wannan iyaka, ina ga ɗan da ciyar da iyayensa ya hau kansa idan suna da bukata?

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato wahalar matan gida. Kuɗi ana iya aikowa, amma aikin jiki wani ne zai yi shi, kuma a yawancin gidaje mutum ɗaya ko biyu ne suke yin sa: matar ɗan da yake zaune tare da iyayensa, da ƙanwar da ba ta yi aure ba, sai 'yar aiki idan akwai, wadda sau da yawa ita ma yarinya ce da ya kamata a ce tana Sallah a gaban iyayenta. A Babbar Sallah abin ya fi tsanani. Maza suna gama yanka da fiɗa sun wanke hannu sun fita gaishe-gaishe. Daga nan mace za ta zauna wankin kayan ciki, a babbake kai da ƙafa a kankare, a yayyanka nama, a dafa, a hau suya a gaban wuta yini guda, wani lokaci har washegari, sannan a zo dakan dambun nama, duk wannan kuma bai hana a nemi tuwo da miyar taushe ko waina a kan lokaci ba. Na sha ganin matar gida tsaye a bakin murhu tun hantsi, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, goyo a bayanta, kayan Sallarta na ninke a ɗaki ba ta samu sukunin sa su ba har la'asar, yayin da facalolinta da suka zo daga wani gari suke falo an ci ado ana hira, lokaci-lokaci a aiko yaro ya tambaya ko abinci ya sauka. Idan za a tafi kuma, kowace a cika mata bokiti da soye.

Wannan mata ba za ta yi magana ba, amma za ta riƙe a zuciya, kuma daga nan ne zaman doya da manja yake farawa tsakanin facaloli, har ya kai ga mazajensu, 'yan uwan juna ciki ɗaya, su fara jan jiki da juna ba tare da sun san mafarin abin ba. Ita ce kuma, a tuna, take kula da tsofaffin nan sauran kwanakin shekara, ita ke dafa musu abincin da likita ya ce, ita ke tashi cikin dare idan jiki ya motsa. Haƙƙinta ne idan 'yan uwa sun zo ta huta. Uwar miji ita ce ya kamata ta tsara wannan da bakinta, domin maganarta ce kowa zai ji ba tare da ɓacin rai ba: yau girki na wance da wance ne, gobe na wance. Samari kuma, jikoki da ƙanne, babu abin da zai hana su ɗebo ruwa, su share tsakar gida, su kwashe shara, su taya juya nama a kasko. Mazan da suke da hali su ɗauko mai taya aiki su biya ta da kyau. Kuma wanda ya kawo wa mahaifiyarsa atamfa, kada ya manta da matar ƙaninsa.

Game da makwanci da lafiyar yara, gidajenmu na da an gina su ne domin taro, da zaure da soro da sassa da faffaɗar tsakar gida. Yanzu an raba gado, an yanka filaye, gida ɗaki uku ne da falo, sai a tara yara goma sha a ɗaki guda. Addini ya umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, kuma aya ta 58 a Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga wa manya a lokuta uku. Cunkoson Sallah ba ya ɗage wannan. Maza su kwana ɓangare guda, mata ɓangare guda, a sa babba mai hankali ya kwana kusa da ƙanana, kuma iyaye su san inda 'ya'yansu suke da wanda suke tare da shi, ko da kuwa kowa a gidan ɗan uwa ne. Na faɗi wannan a taƙaice, masu hankali sun gane.

Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa a 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, Babbar Sallah kuma farkon Yuni, nan da wasu shekaru ma Babbar Sallah a tsakiyar bazara za ta riƙa zuwa. Lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana taimaka wa yaɗuwarsa. Janareto kuma kada a kuskura a shigar da shi soro ko a ajiye shi a bakin taga don gudun ɓarawo, domin hayaƙinsa ya sha hallaka iyali guda cikin barci. Tsohuwar da ta daɗe ba ta yi rainon ƙaramin yaro ba takan manta cewa rijiyar tsakar gida a buɗe take, ko maganin hawan jininta yana kan tabarma inda mai rarrafe zai kai hannu, ko kaskon mai yana ƙasa yara na guje-guje. Duba waɗannan aikin iyayen yaran ne ranar da suka sauka. Haka nan idan yaro yana da sikila ko asma, a sanar da mutanen gida, a nuna musu maganinsa.

Dogon hutu ya fi Sallah buƙatar wannan kulawa, domin a lokacin ne ake kawo yara a ajiye wa kaka mako huɗu ko biyar, iyaye su koma bakin aiki. Hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, sauro ya yi yawa, kududdufai sun cika, kuma hukumar kashe gobara ta Kano ba ta rabuwa da sanar da yaran da aka ciro daga kududdufi ko rijiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya bin yaro ɗan shekara takwas lungu-lungu ba. Wanda zai bar 'ya'yansa hutu ya bar su da abincinsu, da gidan sauronsu, da kuɗin asibiti idan ta kama, da kuma wani babba da zai taya lura da su. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa a tabbata ba su rasa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a damina ba.

Idan an sauke wa tsofaffi wannan nauyi, sai su samu sararin ba jikoki abin da babu mai ba su sai su. Tsakanin kaka da jika akwai wasa da sakewar da babu su tsakanin uwa da ɗa. Ni nakan kira jikana namiji maigidana, in tambaye shi kuɗin cefane, jikata mace kuma kishiyata ce, kakansu kuwa yakan ce da ita amaryarsa. A cikin wannan wasa yaro yake faɗin abin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba, a cikinsa kuma ake cusa masa gaisuwa da durƙuso da cin abinci da hannun dama da sanin asalinsa. Da dare a shimfiɗa tabarma a ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta," a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Na lura yaran yanzu suna son wannan ƙwarai idan sun samu, abin da ke raba su da shi biyu ne. Na farko waya, wadda iyaye suke miƙa musu don su yi shiru, sai ka ga yara shida a ɗaki kowa ya sunkuyar da kai, an zo garin kaka amma ba a ga kaka ba. Na biyu harshe. Akwai jikokin da ake kawowa ba sa iya mayar da gaisuwa da Hausa, kakarsu kuma ba ta jin Turanci, sai a zauna ana kallon juna ana murmushi, uwar tana tafinta. A matsayina na wadda ta koyar shekaru masu yawa, ina tabbatar wa iyaye cewa yin Hausa a gida ba ya hana yaro ƙwarewa a Turanci, rashin yin ta kuwa yana yanke shi daga kakanninsa tun suna raye.

Mu ma tsofaffi akwai abin da ya hau kanmu. Jikoki ba sa zuwa da arziki iri ɗaya. Wani ya zo da kaya kala biyar da takalmi mai tsada, wani kuma, wataƙila maraya ne ko ɗan 'yarmu da aurenta ya mutu, kala ɗaya aka samu aka ɗinka masa da ƙyar. Yara suna gani, kuma ba sa mantawa. Kada kaka ta ja ɗan mai kuɗi jiki ta riƙa aiken ɗan talaka, kada goron Sallar wani ya fi na wani, kuma mai hali a cikin 'ya'ya idan zai yi wa nasa ɗinki ya haɗa da marayun gidan, har a yi musu anko idan da dama. Haka kuma idan uwa ta hana ɗanta wani abu, kada mu ba shi a bayan idonta, ko da muna ganin ta tsananta. A kira ta gefe a yi mata magana. Su kuma iyaye kada su ɓata rai don kaka ko baffa ya tsawata wa ɗansu. Sannan a tuna yaro yana da dangi biyu. Matar da aka kawo gidan surukanta ta yi mako, ita ma tana da iyayen da suke zuba ido, a ware mata kwana ta kai musu jikokinsu, kada a mai da zuwan nata leƙe na awa ɗaya direba na jira a waje.

Daga ƙarshe ina kira ga masu zuwa su kula da ranar tafiya. Sau da yawa akan tashi da asuba ana gaggawar kama hanya, a bar gida kaca-kaca, katifu a jiƙe da fitsarin yara, kwanuka a tare, makewayi ya cika, an fasa abin da aka fasa, tukunyar gas babu komai, buhu ya koma ƙasa. Tsohuwa ta raka su bakin ƙofa da addu'a, ta dawo ita da surukarta su yi kwana uku suna gyara. A ware yinin ƙarshe domin wanki da shara da gyaran abin da ya lalace, a cika gas, a mayar da abin da aka ci a rumbu ko a sito. Babban ɗa kuma, kafin ya shiga mota, ya taka da ƙafarsa zuwa wurin mai shagon unguwa da mai ruwa da mai gawayi, ya tambaya a asirce ko akwai abin da aka karɓa ba a biya ba, ya biya, ya kuma roƙe su kada su faɗa wa Hajiya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam,
Wata kaka, tsohuwar malamar makaranta,
Birnin Kano.